KASET ƊAYA, HALI DABAM-DABAM

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Wannan magana ta dace da ƙananan kasakasan bidiyo da ake kira MiniDV, waɗanda idan aka jera su a faifai sai a ce uwa ɗaya uba ɗaya, alhali kuwa kowane da irin halinsa.

Asalin abin, a shekarar 1995 manyan kamfanonin Japan, irin su Sony da Panasonic da JVC, suka fito da tsarin DV bayan sun yi ittifaƙi a kan ma'auni guda. Faɗin zaren rubu'in inci ne, kaset ɗaya kuwa yana ɗaukar hoton minti 60. Saboda arha da kyawun hoto sai ya game duniya, har masu shirya fim a Kano da masu ɗaukar biki da suna suka rungume shi bayan shekarar 2000.

To, amma ittifaƙin bai kai ga man da ake shafa wa zaren ba. Shi dai zaren yana gogar wani ƙarfe mai juyawa sau 9,000 a minti, wanda ke ɗauke da kawunan da ke rubutu da karatu, don haka tilas a sa masa abin santsi. An san kaset ɗin Sony da mai mai danshi, na Panasonic kuwa busasshe. Masu gyara suka yi ta kukan cewa idan aka yi ta sauya iri biyun a kyamara ɗaya, sai su haɗu su zama dauɗa mai danƙo ta toshe kan. Alamarta ita ce hoto ya riƙa fashewa dabbare-dabbare, murya ta riƙa yankewa. Daga nan ne ma'abota sana'ar suka kafa wa kansu ƙa'ida: kyamara ɗaya, kaset iri ɗaya, in kuwa sauyi ya zama dole, a fara wanke kan tukuna.

Na biyu, har hanyar rubutun ma ta rabu. DV yana shata layuka masu faɗin kashi 10 cikin dubu na milimita. Panasonic ta fito da DVCPRO mai kashi 18, Sony ta biyo da DVCAM mai kashi 15 a 1996. Shi ya sa kaset ɗin minti 60 ke ƙarewa a minti 40 idan an ɗauka da DVCAM. Akwai kuma LP, watau ɗauka a hankali don kaset ya kai minti 90. Riba ce a ranar biki, hasara daga baya, domin layukan sun yi siriri ƙwarai, sau da yawa ba mai karanta su sosai sai kyamarar da ta rubuta su.

Na uku shi ne mafi haɗari. A 2003 aka fito da HDV, wanda ke zuba hoto mafi kyau a cikin wannan kaset ɗin dai. Tsohuwar kyamarar DV ba ta gane shi, sai ta nuna kamar babu kome a ciki. Mai gaggawa sai ya zaci fanko ne ya ɗora sabon hoto a kai, ya shafe auren 'yarsa da hannunsa.

Yau an daina ƙera waɗannan kyamarori, masu gyaransu kuma sun yi ƙaranci, ga zafi da ƙurar hunturu suna cin zaren a ɓoye. Saboda haka wanda ke da irin wannan ajiya ya kamata ya tura ɗan makullin da ke bayan kowane kaset don hana shafewa, ya mayar da zaren farko, ya jera su a tsaye a wuri mai sanyi. Sa'an nan ya nemi kyamara mai lafiya, in da hali wadda ta ɗauki hoton, ya juye su cikin kwamfuta ta wayar FireWire. Kowace sa'a guda tana cin wajen gigabayit 13, kuma hoton ba ya raguwa ko kaɗan. Ya ajiye kwafi biyu a wuri biyu, domin muryar tsohon da ya riga mu gidan gaskiya ba a sake ɗaukarta.