Ruwa Ba Ya Wanke Hayaƙin Wiwi

A majalisun samarin da ke zagaye tukunyar shisha akwai maganar da ta zama kamar hadda: wai hayaƙin da ya ratsa ruwa ya wanku. Masu cusa tabar wiwi a kan tukunya da masu huda robar ruwa su soka mata bututu duk da wannan hujja suke kare kansu. Za ka ji ana cewa, "Ai ruwan ya tace dattin, dubi yadda ya yi baƙi." A Amurka da Ostireliya, inda ake sayar da kwalbar gilashi ta musamman da suke kira bong, har ƙanƙara ake jerawa a wuyanta, a ƙara mata ɗakin ruwa na biyu da na uku, a ce tacewa ta ninku.

Zancen ba na yau ba ne. A fadar Sarki Akbar na Indiya, cikin ƙarni na 16, an ce wani likita mai suna Hakim Abul Fath ne ya ba da shawarar a riƙa bi da hayaƙin taba ta cikin ruwa don a rage masa dafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo labarin a rahotonta na 2005 kan shisha, don ta nuna daɗewar wannan zato da ba shi da tushe.

Ruwan yana yin wani aiki, wannan kam ba a musu. Yana sanyaya hayaƙi, yana tare toka da ɓurɓushin ganye, yana kuma shanye wani kaso na sinadaran da ke narkewa a ruwa, irin masu sa maƙogwaro raɗaɗi. Wanda ya ce zuƙar ta fi laushi bai yi ƙarya ba. Iyakar gaskiyar ke nan.

A tsaya a kalli kwalbar lokacin da ake zuƙa. Hayaƙin ba gauraya yake yi da ruwan ba. Dunƙulewa yake ya zama ƙwayoyin iska, su yi ɓulɓul su haye sama kafin ƙiftawar ido, kuma fatar kowace ƙwaya ce kaɗai ke taɓa ruwa. Abin da ke cikinta ya wuce lafiya lau. A nan cikin ne ƙananan ɗigon kwalta suke, waɗanda ido ba ya gani, masu kaiwa can ƙarshen huhu. Iskar kabon monoksaid kuwa, wadda ke kashe iyalin da suka kwana da janareta ko gawayi a ɗaki rufe, da ƙyar take narkewa a ruwa, don haka ko ɗakunan ruwa goma aka jera mata za ta fito. Idan a tukunyar shisha ne, gawayin da ke kai ƙara ta yake yi. Zuba madara ko lemo a madadin ruwa bai sauya komai a wannan lissafi ba.

An ma gwada abin a ɗakin bincike. A tsakiyar shekarun 1990, ƙungiyoyin MAPS da California NORML, waɗanda masu goyon bayan sassauta dokar wiwi ne ba abokan gabanta ba, suka ɗauki nauyin auna hayaƙin na'urori daban-daban, Dale Gieringer ya fitar da sakamakon. Abin da aka samu ya saɓa wa fatansu: ruwan ya fi riƙe THC, sinadarin da ke bugarwa, fiye da yadda yake riƙe kwalta. Mai neman maye sai ya ƙara zuƙa kafin ya kai inda yake so, kwaltar da zai kwasa a hanya ta fi ta wanda ya naɗa a takarda.

Nan ne abin ya fi damuna. Zafi da tari su ne masu gadin huhu, su ke tilasta wa mutum ya dakata. Da ruwa ya kwantar da su, sai a cika ƙirji fam, a riƙe numfashi, a sake cikawa. Tun 1988 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, ciki har da Donald Tashkin, suka nuna cewa saboda zurfin zuƙa da riƙe numfashi, naɗin wiwi ɗaya yana shigar da kwalta kusan ninki 3 na karan sigari, yana kuma ɗaga kabon monoksaid a jini kusan ninki 5. Laushin da ake yabo, wannan ɗabi'a yake ƙarfafawa.

Masu cewa wiwi ganye ne, ba kamar sigarin kamfani ba, su ma sun manta cewa taba ganye ce. Masanan ma'aikatar lafiya ta Kanada sun kwatanta hayaƙin biyu a binciken da aka buga a 2008, suka tarar amoniyar da ke hayaƙin wiwi ta kai har ninki 20 na ta taba.

Shi kansa baƙin ruwan da ake nunawa da alfahari, in ya kwana yana tara ƙwayoyin cuta da fumfuna, ga bakin bututu yana yawo daga wannan leɓe zuwa wancan. A jihar Kwinsland ta Ostireliya, likitoci sun ba da rahoto a 2003 kan wasu matasa da tarin fuka ya bazu a tsakaninsu, kuma zuƙa daga kwalba ɗaya na cikin abin da aka danganta yaɗuwar da shi. A ƙasa irin Najeriya, da ke cikin waɗanda tarin fuka ya fi addaba a duniya, kuma binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi miliyan 10.6, wannan ba labarin nesa ba ne.

A 2017 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta tabbatar da alaƙar daɗewa ana shan wiwi da tari mai naci da yawan majina, ta kuma samu shaidar cewa suna raguwa idan an daina. Ɗan'uwa, in tarinka ya kai mako biyu, ko ka fara zufar dare da rama, kada ka tsaya sauya ruwan kwalba. Ka ajiye ta, ka je asibiti a gwada majinarka, kuma ka faɗa wa likita gaskiyar abin da kake zuƙa.