BABI NA HUƊU: MATSALOLIN TAYARWA DA NA SILO A INJIN BAN-RUWA

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan sassan injin ban-ruwa da sunayen da kanikawa suke kiran su da su. Wannan babi kuwa zai dubi matsaloli biyu da ke yawan kai manoman rani na Wanke da kewayenta wurin bakanike, wato ƙin tashin inji, da kuma mutuwarsa da zarar an rage masa wuta. Za a kawo dalilan da ke haddasa su, da alamomin gane kowane dalili, da kuma tsarin da ya kamata a bi wajen binciko su.

4.1 Matsayin Inji Ga Manomin Rani

A da, manoman lambu na ƙasar Zamfara da jigo ko ƙwarya suke ban-ruwa. Al'amarin ya fara sauyawa ne bayan kafa shirin raya aikin gona na Gusau a tsakiyar shekarun 1970, wanda yake ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya, tare da na Funtuwa da na Gwambe. Daga baya Shirin Fadama na Ƙasa, wanda aka fara a 1993 da tallafin Bankin Duniya, ya ƙara yaɗa ƙananan injunan fetur masu bakin inci biyu da inci uku a fadamu da gaɓar koguna, ciki har da Gulbin Sakkwato da ya ratsa Gusau da Bunguɗu.

Muhimmancin wannan bayani shi ne, a lokacin rani babu wani ruwa da shuka za ta samu sai wanda inji ya kawo mata. Idan inji ya ƙi tashi a daidai lokacin da tumatir yake fure ko albasa take ƙosawa, 'yan kwanaki kaɗan sun isa su jawo wa manomi asarar da ba za ta gyaru ba a wannan shekarar. Ga kuma kuɗin ɗaukar injin zuwa Gusau da ɓata yini guda. Saboda haka gano matsala da wuri, a bakin fadama, wani ɓangare ne na sana'ar noman kanta.

4.2 Abubuwa Huɗu Da Inji Yake Buƙata

Akasarin waɗannan injuna, kamar Honda GX160 da masu kwaikwayonsa da ake shigowa da su daga Sin, masu bugu huɗu ne. Fistin yakan shaƙi fetur gauraye da iska, ya matse su, filogi ya kunna musu wuta, sannan a fitar da hayaƙi. Wato ke nan inji ba zai tashi ba sai abubuwa huɗu sun haɗu: mai, da wuta, da iska, da matsi. Duk injin da ya ƙi tashi, to ɗaya daga cikinsu ne ya gaza. Ƙa'idar da gogaggen bakanike yake bi ita ce ya fara da abin da ya fi sauƙin dubawa kuma ya fi araha, ya bar kwance inji ya zama matakin ƙarshe.

4.3 Ƙin Tashi

4.3.1 Mai

Bayan an tabbatar makunni yana kunne, an buɗe famfon mai, an kuma rufe cok idan injin yana da sanyi, sai a dubi man kansa. Manoman ƙauye sukan sayi fetur a jarka ko kwalba daga 'yan bumburutu, kuma irin wannan mai yakan zo da ruwa ko ƙasa. Da yake ruwa ya fi fetur nauyi, yakan kwanta a gindin kofin kabureta, inda jet yake zuƙa. Hanyar ganewa ita ce a kwance ƙusar da ke gindin kofin, a tari man a farar kwalba. Idan akwai ruwa za a gan shi ya ware a ƙasa.

Har wa yau, man da ya kwana cikin inji tun daga ƙarshen rani har bayan damina yakan lalace, ya bar wani dauɗa mai danƙo da ke toshe ƙananan ƙofofin kabureta. Wannan ne ya sa injin da aka ajiye lafiya lau yakan ƙi tashi a farkon sabon noman rani. Akwai kuma injin da yakan tashi, ya yi 'yan mintoci, ya mutu. Idan aka sassauta murfin tanki ya dawo daidai, to ƙofar iskar murfin ce ta toshe, mai ya kasa gangarowa.

4.3.2 Wuta

Ana kwance filogi, a mayar masa da hularsa, a jingina ƙarfensa a jikin inji nesa da ramin da aka cire shi, sannan a ja igiya. Tartsatsi mai ƙarfi, shuɗi, shi ke nuna wuta tana lafiya. A Honda GX160 tazarar bakin filogi ita ce milimita 0.7 zuwa 0.8. Idan an sa sabon filogi amma babu tartsatsi, kada a yi gaggawar ɗora laifi a kan kwayil. Wasu injunan suna da na'urar da ke yanke wuta idan baƙin mai ya yi ƙasa, kuma injin da aka girke a karkace a gangaren gaɓa yana iya yanke wuta ko da man bai ƙare ba. A gyara masa zama, a cika baƙin mai, a sake gwadawa.

Kamannin filogi ma shaida ne. Ruwan ƙasa alama ce ta lafiya. Baƙi busasshe yana nuna fetur ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai yana ƙetare ringi. Fari fat kuwa yana nuna fetur ya yi kaɗan. Idan aka tarar da filogi jiƙe da fetur, to injin ya sha mai ne saboda yawan jan igiya da cok a rufe. Sai a busar da filogin, a buɗe cok, a ja igiya sau da dama kafin a mayar da shi, nesa da wuta ko taba.

4.3.3 Iska

Noman rani yana faɗowa ne cikin hunturu, lokacin da ƙura ta fi yawa. Sosan tace iska idan ya cika da ƙura, inji yakan yi baƙin hayaƙi, ya ci mai, ya yi nauyin tashi. Wasu kan cire sosan baki ɗaya don inji ya sami numfashi. Wannan kuskure ne babba, domin ƙurar za ta shiga ta cinye ringi da silinda.

4.3.4 Matsi

Lafiyayyen inji yakan yi turjiya idan ana jan igiyarsa. In igiya ta zo sakwa-sakwa, to matsi ya zube, ko dai ringi ya cinye, ko bawul ya maƙale a buɗe saboda tsatsa, ko kuma tazararsa ta ɓaci. Tazarar bawul a GX160 ita ce milimita 0.15 a na shiga, 0.20 a na fita, kuma ana auna ta ne inji yana da sanyi. A nan ne kawai aiki ya wuce hannun manomi, ya zama na bakanike.

4.4 Matsalar Silo

Silo shi ne gudun da inji yake yi a hankali idan an rage masa wuta, wanda a GX160 yake kimanin juyi 1,400 a minti ɗaya. Kabureta tana da jet biyu: babba mai ciyar da inji idan yana aiki, da ƙarami mai ciyar da shi a silo. Ƙofar ƙaramin siririya ce ƙwarai, don haka ita dauɗa take fara toshewa. Alamomin haka guda uku ne. Na farko, inji yana gudu da ƙarfi amma yana mutuwa idan aka rage wuta. Na biyu, ba ya zama sai an bar cok rabi a rufe. Na uku, muryarsa tana hawa tana sauka, domin gwamna yana ta buɗe maƙogwaron kabureta yana rufewa don neman daidaito.

Maganin shi ne a kwance ƙaramin jet ɗin, a wanke shi da fetur mai tsabta, a hura masa iska. Zura masa allura yakan faɗaɗa ƙofar, daga nan injin ya riƙa shan mai fiye da kima. Idan an wanke jet amma alamomin ba su gushe ba, sai a dubi gasket ɗin da ke tsakanin kabureta da inji, domin idan ya yage iska takan saci hanya ta shiga. Abin da ya kamata a guje wa shi ne ɗaure ƙusar silo don kawai inji ya daina mutuwa. Yin haka rufe ciwo ne, toshewar tana nan. Ba a taɓa wannan ƙusa sai bayan an tsabtace kabureta, inji kuma ya ɗauki zafi.

4.5 Laifin Inji Da Laifin Famfo

Sau da yawa manomi yakan ce injinsa ya lalace alhali injin yana gudu, ruwa ne kawai bai fito ba. Wannan matsalar famfo ce. Dole a cika cikin famfo da ruwa kafin a tayar, in ba haka ba silinsa zai ƙone. Haka kuma tiyon zuƙa idan ya huje ko maɗaurinsa ya saki, iska zai ja maimakon ruwa. Bugu da ƙari, irin wannan famfo ba ya iya ɗago ruwa daga zurfin da ya haura kimanin mita takwas, abin da kan faru idan ruwa ya ja baya a ƙarshen rani.

4.6 Rigakafi

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma tsadar fetur tun bayan janye tallafi a watan Mayun 2023 ta ƙara wa wannan magana nauyi, domin injin da bai daidaita ba mai yake sha. Ya kamata a riƙa tace fetur kafin a zuba, a wanke sosan iska a kai a kai cikin hunturu, a kuma sauya baƙin mai bayan awa 20 na farko a sabon inji, sannan duk bayan awa 100. Idan za a ajiye inji don damina, a juye tanki da kofin kabureta, a zubar da ruwan famfo, a ja igiya har a ji turjiya don bawuloli su kasance a rufe.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa ƙin tashi da mutuwa a silo galibi suna samo asali ne daga gurɓataccen mai, da ƙura, da rashin iya ajiya, waɗanda duk manomi zai iya magance su da kansa idan ya bi tsarin mai, wuta, iska, sannan matsi. Babi na gaba zai yi magana a kan yadda ake koyon wannan sana'a da dangantakar da ke tsakanin maigida da yaransa.