Kujera Goma, Masu Nema Dubbai: Yadda Ake Samun Wuri a Manyan Gidajen Abinci na Duniya

A manyan biranen duniya akwai wani rukuni na gidajen abinci da ba a faɗa musu kwatsam don yunwa ta kama mutum a hanya, domin samun kujera a cikinsu yakan buƙaci shiri na makonni ko watanni, kuma sau da yawa matafiyi yakan kama teburi tun kafin ya yanki tikitin jirgi. Waɗannan gidaje ba su cika miƙa wa baƙo takardar zaɓen abinci ba. Abin da suka saba shi ne jerin abincin ɗanɗano, wato ƙananan akusa goma sha wani abu ko fiye, waɗanda babban kuku ya tsara, ana kawo su ɗaya bayan ɗaya cikin sa'o'i uku zuwa huɗu, kuma kowane baƙo yana cin abin da aka tsara wa kowa a wannan dare.

Darajar da ke jawo musu cunkoso ta samo asali ne daga wani wuri da ba a zata ba, wato kamfanin tayoyin mota na Michelin da ke Faransa. A shekarar 1900 'yan'uwan nan biyu, André da Édouard Michelin, suka fitar da wani ɗan littafin jagora ga direbobi, da nufin mutane su yawaita tafiya, tayoyinsu su cinye, su dawo su sayi sababbi. A 1926 littafin ya fara bai wa gidajen abinci tauraro, sannan a 1931 aka kai matakan zuwa uku: tauraro ɗaya ga gidan da ya yi fice a rukuninsa, biyu ga wanda ya isa a ratse hanya dominsa, uku kuma ga wanda ya cancanci a yi takakkiya musamman. Daga 2002 aka sami wani ma'auni na biyu, wato jerin gidajen abinci 50 mafiya daraja a duniya, wanda wata mujallar Birtaniya ta fara, kuma duk gidan da ya zo na ɗaya a cikinsa, kamar Noma na birnin Copenhagen a Denmak, wanda ya riƙe kambin a 2010, 2011, 2012, 2014 da 2021, sai masu nema su yi masa caa daga kowace nahiya.

Tushen wahalar lissafi ne kawai. Gidan elBulli na Ferran Adrià, wanda ke wani lungu a gaɓar teku kusa da garin Roses a Sifaniya kafin ya rufe a Yulin 2011, yana buɗewa ne kimanin rabin shekara, yana ciyar da mutum wajen 8,000 a kaka guda, alhali buƙatun da ke iso masa sun kai kusan miliyan biyu. Osteria Francescana na Massimo Bottura a garin Modena na Italiya teburi 12 gare shi. Ba rowa ce ta hana su faɗaɗawa ba, aikin ne ba ya ɗaukar yawa, domin a irin waɗannan ɗakunan girki adadin ma'aikata kan yi kusa da adadin baƙin da ake ciyarwa, har wani lokaci ya zarce shi.

Wannan ƙarancin shi ya haifar da abin da masu gidajen suka fi tsoro, wato kujerar da aka kama ba a zo ba. Gidan da ke da kujeru 30 ya riga ya sayo kifi da nama da ganye daidai da mutum 30 tun da safe, ya kuma juya wa ɗaruruwa baya, saboda haka idan teburin mutum huɗu ya kwana babu kowa, ribar daren ta tafi, ba kuma mai wucewa a titi da zai shigo ya cike gurbin. Duk wanda ya fahimci wannan tsoro ya fahimci dalilin kusan kowace ƙa'ida da za a gindaya masa, domin dukkansu hanyoyi ne na tabbatar da cewa wanda ya yi alkawari zai cika. Nick Kokonas, tsohon abokin kasuwancin kuku Grant Achatz a gidan Alinea na birnin Chicago, shi ya fito da maganin da ya fi yaɗuwa: a 2011, da suka buɗe sabon gida mai suna Next, sai ya riƙa sayar da kujeru kamar tikitin kallon wasa, a biya kuɗin abincin gaba ɗaya tun ranar kama wuri, kuma daga wannan dabara ce manhajar Tock ta fito. Gidajen da ba su kai ga haka ba sukan karɓi kafin alƙalami, ko su riƙe lambar katin banki, su cire tara idan mutum ya fasa a ƙurarren lokaci.

A yau mafi yawan kama wuri ta intanet ake yinsa, ta manhajoji irin su OpenTable, wadda aka kafa a 1998, da Resy, da Tock, ko ta shafin gidan kansa. Abin da ya fi muhimmanci matafiyi ya sani shi ne ranar saki da sa'ar saki, wato lokacin da gida ke buɗe kujerun wani zango gaba ɗaya: wani yakan saki na kwana 30 masu zuwa kowace safiya, wani yakan saki na wata guda a ranar ɗaya ga wata, wani kuma na kaka guda a rana ɗaya tak, kuma a gidajen da suka fi farin jini kujerun kan ƙare cikin 'yan mintuna. Ana bayyana sa'ar ne da agogon garin da gidan yake, kuma a nan ne da yawa ke yin sake. Ƙarfe 10 na safe a New York ƙarfe 3 ne na rana a Kano ko Yamai a lokacin zafin can, amma ƙarfe 4 ne a lokacin hunturu, saboda Amurka na sauya agogo. Tokyo kuwa tana gaban Kano da sa'a takwas duk shekara, don haka sakin ƙarfe 10 na safe a can yana nufin tashi ƙarfe 2 na dare a nan. Mai hankali yakan buɗe asusu a manhajar tun da wuri, ya shigar da katin da ya tabbata yana aiki a ƙasashen waje, domin katin naira ba kullum yake wucewa ba, kuma manhajar ba ta riƙe wa mutum kujera fiye da 'yan mintuna yana neman wani kati. Akwai kuma tarkon biza: wanda ya biya kuɗin da ba a mayarwa kafin ofishin jakadanci ya buga masa hatimi, ya sa dukiyarsa a hannun wanda bai san da zancen abincin ba.

Akwai gidajen da saurin yatsa ba ya amfani a kansu ko kaɗan. A Japan, musamman a Kyoto, tsohuwar al'ada ce wasu gidaje su ƙi karɓar baƙon da ba wanda ya gabatar da shi, domin wanda ya kawo mutum shi ne lamuninsa. Sukiyabashi Jiro, gidan sushi mai kujera 10 a unguwar Ginza ta Tokyo, inda shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama, da firaministan Japan na lokacin, Shinzo Abe, suka ci abinci a Afrilun 2014, ya fita daga littafin Michelin a ƙarshen 2019 duk da taurari ukun da ya daɗe yana riƙe da su, saboda ya daina karɓar buƙatu daga jama'a kai tsaye. Hanyar da ta rage wa baƙo a irin wannan hali ita ce ma'aikacin hidimar baƙi na babban otal, wanda Faransawa ke kira konsiyaj, wato mutumin da aikinsa shi ne nemo wa mazauna otal abin da ba sa iya samu da kansu. Shi zai buga waya da harshen ƙasar, ya kuma jingina sunan otal ɗin a kan cewa baƙon zai zo a kan lokaci, shi ya sa ake rubuta masa tun wata ɗaya ko biyu kafin tafiya. Gidan Rao's na unguwar East Harlem a New York, wanda aka buɗe a 1896, ya ma wuce nan, domin teburansa goma tamkar mallakin tsofaffin abokan ciniki ne, kowa da darensa, kuma ba a shiga sai da gayyatar mai teburi. Kamfanin katin American Express, wanda ya sayi Resy a 2019 da Tock a 2024, yana ware wasu kujeru ga masu manyan katunansa, abin da ke nuna cewa kujerar kanta ta zama haja.

Inda aka sami ƙaranci kuwa ba a rasa 'yan bumburutu, kamar dai yadda suke bayyana a bakin gidan mai ranar da layi ya yi tsawo. Wasu kan saki manhajojin kwamfuta masu sarrafa kansu su kwashe kujeru cikin ƙiftawar ido da sunayen bogi, su sayar da su a shafuka irin su Appointment Trader, wani lokaci da ɗaruruwan daloli, ba tare da an ci ko loma ɗaya ba tukuna. Kujerar da ba ta sami mai saye ba takan kwana fayau, asarar kuma ta hau kan mai gida, dalilin da ya sa jihar New York ta kafa doka a Disambar 2024 da ta haramta tallata kujerar wani gida ba tare da rubutacciyar yarjejeniya da shi ba. Saye daga irin waɗannan mutane kasada ce, domin wasu gidaje kan nemi katin shaida a ƙofa, kuma idan suna bai zo daidai ba, sai a sallami mutum da kuɗinsa a ruwa.

Hanyoyin halas sun fi yawa fiye da yadda ake zato. Abincin rana ya fi na dare sauƙin samu, tsakiyar mako ta fi ƙarshensa, kuma mutum ɗaya ko biyu sun fi shida saurin samun gurbi. Shiga jerin masu jira ba ɓata lokaci ba ne, domin fasawa takan yawaita gab da wa'adin da tara ke fara aiki. Kuma ba lallai ne a nace wa mai taurari uku ba, tunda a Landan akwai Ikoyi mai taurari biyu, wanda ya ɗauki sunan unguwar Legas, da Chishuru na Adejoké Bakare, wadda ta tashi a Kaduna, ta kuma zama baƙar mace ta farko da ta sami tauraron Michelin a Birtaniya a Fabrairun 2024.

Ga matafiyi Musulmi akwai tambayar da ta riga duk waɗannan. Tunda kuku ne ke zaɓar abin da za a ci, baƙo ba shi da damar tsallake abin da bai halatta gare shi ba sai in ya faɗa tun farko, kuma matsalar ba ta tsaya ga naman alade da ake gani a faranti ba. Girkin Faransa yakan ƙone miya da giyar inabi, girkin Japan yakan yi amfani da sake da mirin, waɗanda dukkansu daga giyar shinkafa suke, kayan zaƙi kuma sukan ƙunshi jelatin, wani sinadari mai daskarar da ruwa da akan samo daga fatar alade ko ƙashin dabba, ban da batun yankan naman kansa. Yawancin manyan gidajen Turai da Amurka sukan sauya wa baƙo jeri zuwa na kifi ko na ganye, su kuma ba shi ruwan 'ya'yan itace da shayi a madadin giya, muddin an sanar da su kwanaki kafin zuwa, amma wasu ƙananan gidajen Japan kan ce ba sa canza komai, kuma gara su faɗi hakan da su yi rufa-rufa. Ko a Dubai, inda Michelin ya fara fitar da littafi a 2022, tambaya game da giya a cikin miya ba ta faɗi ba. Saboda haka mai niyya ya rubuta wa gidan ya jero abin da ba ya ci dalla-dalla, ya jira amsa a rubuce, sannan ya biya, domin tikitin da aka riga aka saya ba kasafai ake mayar da kuɗinsa ba.