NA'URAR DA KE RUBUTA WASIƘA TA SHIGA OFISOSHI: WA ZAI ƊAUKI LAIFI IN TA YI ƘARYA?

Duk wanda ya zauna Ikko ko Badun shekaru arba'in da suka wuce ya san mutanen nan masu zama a bakin gidan waya da ƙofar kotu, kowa da ɗan teburinsa da tsohuwar tafireta. Su ne masu rubuta wa jama'a wasiƙa. Ɗan kasuwa ya zo daga Arewa, ga wayo ga lissafi, amma babu Turancin takarda, sai ya zauna ya faɗi damuwarsa, a juya masa ita da Turanci, a karanta masa, ya dangwala yatsa, ya biya. Ko takardar neman rumfa ce a kasuwa, ko koke ga ƙaramar hukuma, ko amsar takardar mai gida da ya ce a tashi, duk ta hannunsu take bi.

To, yau wannan sana'a ta sami sabon mai yi, kuma ba ɗan Adam ba ne. Wata dabara ce ta na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda ake kira ƙirƙirarriyar basira. Mutum ya gaya mata abin da yake so a rubuta, kafin ya ɗauke ido ta jero masa wasiƙa cikakkiya, da gaisuwarta da rufewarta. Abin mamaki kuwa shi ne ba marasa Turanci kaɗai suka rungume ta ba. Manajoji da lauyoyi da akawuna, waɗanda aka haifa cikin Turancin, su ne kan gaba.

Abin ya fara bazuwa ne ran 30 ga watan Nuwamba na 2022, sa'ad da wani kamfani na Amurka mai suna OpenAI ya saki ChatGPT kyauta ga kowa. Cikin wata biyu kacal aka ƙiyasta masu amfani da ita sun kai miliyan 100. Ganin haka sauran manyan kamfanoni suka zabura. Google ya fito da tasa a 2023, wadda daga baya ya raɗa wa suna Gemini. Microsoft kuwa ya cusa tasa, Copilot, cikin manhajojin da ma'aikata suka saba rubuta wasiƙa da lissafi da su, ya yanka wa manyan kamfanoni dala 30 kowane wata a kan kowane ma'aikaci sa'ad da ya fara sayar da ita a watan Nuwamba na 2023. A watan Afrilu na 2024 kamfanin Meta ya sa tasa cikin WhatsApp a wasu ƙasashe, har da Nijeriya da Gana. Wato ke nan mai sayar da albasa a Mile 12 da ke da wayar zamani yana ɗauke da irin magatakardan da manajan banki ke da shi a Marina.

Masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun yi ƙoƙarin auna yadda abin ya yaɗu. Suka tara takardun sanarwa na kamfanoni, da tallan guraben aiki, da koke-koken da jama'a suka aika wa hukumar kare masu hulɗa da bankuna ta Amurka, tun daga farkon 2022 har kusan ƙarshen 2024. Abin da suka gano shi ne a ƙarshen wannan lokaci akwai hannun na'ura a cikin har kashi 24 cikin ɗari na rubutun sanarwar kamfanoni, da kimanin kashi 18 cikin ɗari na rubutun koke-koken jama'a. Hatta sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta tsira ba, kusan kashi 14 cikin ɗari. Akwai kuma wani abu da ya kamata mai karatu ya lura da shi: yankunan da ilimin boko bai yi zurfi ba sun ɗan fi sauran yin amfani da na'urar wajen rubuta koke. Ashe ko a Amurka akwai masu bukatar mai rubuta wasiƙa.

Amfaninta dai ba abin musu ba ne. A 2023 waɗansu masu bincike biyu na makarantar MIT, Shakked Noy da Whitney Zhang, suka ba ma'aikata 453 masu digiri irin aikin rubutun da ake yi a ofis, kamar gajeren rahoto da wasiƙar da ke bukatar lallashi. Rabi aka ba su ChatGPT, rabi aka bar su da hannunsu. Waɗanda suka yi da na'ura sun rage lokacin aikin da kashi 40 cikin ɗari, masu duba aikin kuma suka ƙara musu maki da kashi 18 cikin ɗari. Waɗanda suka fi cin riba su ne masu raunin rubutu tun farko, don tazarar da ke tsakaninsu da gwanaye ta ragu.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu ƙwarai. A nan kusan kowace ƙofa da Turanci ake buga ta. Direban kamfani da zai nemi hutu, mai gadin da za a ce ya rubuta bayanin abin da ya faru da dare, sakataren ƙungiyar mahauta ko ta masu sayar da shanu da zai rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, magatakardan fadar Sarkin Hausawa, kowannensu ya san zafin a raina hujjarsa saboda karyayyen Turanci. Mutum ya fi abokin aikinsa sanin aiki, amma takardarsa ta ba da shi. Na'urar nan ta rage wannan kunya, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai fa akwai inda gizo ke saƙa, kuma ba za a gane shi ba sai an san yadda take aiki. An ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa daga intanet da littattafai, har ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Da haka take ɗinka jimla, kalma bayan kalma. Abin da ta ƙware a kai shi ne yadda magana ke tafiya, ba ko maganar gaskiya ce ba. Kamar maroƙi ne da ya haddace kirarin manya: a nuna masa baƙon da bai taɓa gani ba, nan take zai jero masa asali da kakanni, da murya mai daɗi, ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Mai ji daga nesa sai ya rantse ya san gidansu.

Wani lauya a birnin New York, wanda ya yi shekara talatin yana aiki, ya ɗanɗana wannan a 2023. Yana wakiltar wani fasinja ne da ya kai ƙarar kamfanin jirgin sama na Avianca, sai ya sa ChatGPT ta nemo masa tsofaffin shari'o'in da za su ƙarfafa hujjarsa. Ta kuwa kawo masa, da sunayen masu ƙara, da shekaru, da maganganun alƙalai. Lauyoyin kamfanin suka duba sama da ƙasa ba su ga shida daga cikinsu ba, domin ba a taɓa yin su ba. Abin dariya abin tausayi, lauyan ya tambayi na'urar ko shari'o'in na gaske ne, ta ce masa na gaske ne. A watan Yuni na wannan shekara Mai Shari'a Kevin Castel ya ci tarar lauyan da abokin aikinsa da ofishinsu dala 5,000. Na'urar ba a kira ta kotu ba.

Kada a ce wannan sakacin mutum ɗaya ne. A 2025 babban kamfanin nan na ba da shawara, Deloitte, ya rubuta wa wata ma'aikatar gwamnatin Ostareliya rahoto na kuɗi dalar ƙasar 440,000. Wani malamin Jami'ar Sydney ya karanta, ya tarar an ambaci littattafai da ƙasidun da babu su a duniya, har da wata magana da aka laƙa wa alƙali alhali bai faɗe ta ba. Kamfanin ya gyara rahoton, ya bayyana cewa an yi amfani da na'ura wajen shirya shi, ya kuma mayar da wani kaso na kuɗin. A Kanada ma, a watan Fabrairu na 2024, kamfanin Air Canada ya yi ƙoƙarin zame wa bayanin ƙarya da na'urarsa mai amsa tambayoyi ta ba wani fasinja game da rangwamen tikiti. Kotun ƙananan ƙararraki ta ce a'a, abin da na'urarka ta faɗa kai ka faɗa, ta sa ya biya.

Duk waɗannan shari'o'i wuri guda suka nufa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma a sha'anin takarda mai ja shi ne mai sa hannu. Tsohon mai rubuta wasiƙa aƙalla yakan karanta wa mutum abin da ya rubuta, in ya yi kuskure kuma gobe yana nan a kan bencinsa, a je a tuhume shi. Na'ura kuwa tana iya ƙara alkawarin da mutum bai yi ba, ko ta ambaci sashen dokar da babu shi, ko ta sauya adadin kuɗi. A ce ɗan kasuwa ya sa ta rubuta yarjejeniyar hayar shago ko takardar bashi, ya sa hannu bai sami wanda ya fassara masa layi bayan layi ba. Ranar da rigima ta tashi, takardar ce za ta yi magana a gaban alƙali. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya fi bukatar taimakon, domin shi ne ba zai iya gane inda aka yi masa ƙari ba.

Akwai kuma batun sirri. Abin da aka rubuta mata ba a cikin wayar mutum yake tsayawa ba, yana tafiya ne zuwa manyan na'urorin kamfanin a wata ƙasa. A 2023 kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan na'urori a kayan aikin ofis bayan waɗansu injiniyoyi sun zuba sirrin kamfanin a cikin ChatGPT suna neman gyara. A nan gida, Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a a watan Yuni na 2023. Akawun da ya kwashi sunayen abokan ciniki da lambobin asusunsu ya liƙa wa na'ura don ta tsara masa rahoto, yana wasa da aikinsa ne.

Wata matsalar ta fi waɗannan ɓoyuwa. A watan Satumba na 2025 mujallar Harvard Business Review ta buga wani bincike da aka yi a kan ma'aikata 1,150 a Amurka. Kimanin kashi 40 cikin ɗari suka ce a cikin wata gudan da ya wuce wani abokin aiki ya turo musu rubutun na'ura mai ƙyalli a ido amma babu nama a ciki, kuma kowane ɗaya yakan ci musu kusan awa biyu kafin su warware shi. Wato mai rubutu ya huta, mai karatu ya ɗauki kayan. Duk wanda ya taɓa karɓar wasiƙa shafi uku a kan maganar da layi huɗu zai ishe ta ya san wannan ciwo.

Su kuma shugabannin da ke son kama masu amfani da na'ura, sai su yi hattara kada su kama marar laifi. A watan Afrilu na 2024 wani attajirin masu zuba jari a harkar fasaha a Amurka, Paul Graham, ya ce in ya ga kalmar "delve" a wasiƙa ya san na'ura ce ta rubuta. 'Yan Nijeriya suka yi masa ca, suka ce su tun suna makaranta suke amfani da ita, Turancin littafi aka koya musu. Sun kuwa yi gaskiya. Tun a 2023 masanan Stanford suka gwada manhajoji bakwai da aka ce suna gane rubutun na'ura, suka ba su rubutun ɗaliban da Turanci ba harshensu na gado ba ne. Fiye da kashi 60 cikin ɗari na rubutun nan na 'yan Adam aka ce na na'ura ne, alhali rubutun yaran Amurka ya wuce kusan lafiya lau. Shi kansa kamfanin OpenAI ya janye tasa manhajar ganewar a watan Yuli na 2023 saboda yawan kuskurenta. Saboda haka ɗan Arewan da ya zage ya rubuta takardar neman aiki da hannunsa yana iya shan zargin da bai ji ba bai gani ba.

To, ina makomar akawu da sakatare? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi nazari a watan Agusta na 2023, ta ce aikin akawu ne ya fi kowane shiga haɗari, don kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ayyukan da akawu ke yi na'ura za ta iya ɗauka sosai. Amma ta ce a yawancin sana'o'i na'urar za ta ɗauki wani ɓangare ne na aikin, ba aikin duka ba. Ma'ana, mai buga abin da aka ba shi kawai shi ne ke cikin tsaka mai wuya. Wanda ya san fayil, ya san doka, ya san inda adadi bai yi daidai ba, darajarsa ƙaruwa take yi, domin yanzu takardun da ke bukatar dubawa sun ninka.

Game da Hausa kuwa, na'urorin nan suna jin ta, suna kuma rubuta ta, amma ba kamar Turanci ba, saboda rubutun Hausa da ke intanet kaɗan ne in an gwada. Sukan haɗa namiji da mace, su jefar da lanƙwasar ƙ da ɗ, su juyo karin maganar Turawa kalma da kalma har ta zama abin dariya. Mai faɗa mata bukatarsa da Hausa don ta rubuta masa da Turanci yana da gada biyu da zai tsallaka, kowace kuma ana iya zamewa a kanta. A watan Satumba na 2025 Ministan Sadarwa, Dokta Bosun Tijani, ya ba da sanarwar wata na'urar ta gida mai suna N-ATLAS, wadda gwamnati ta shirya tare da kamfanin Awarri na Ikko, aka horar da ita da Hausa da Yarabanci da Ibo da kuma Turanci irin na bakin 'yan Nijeriya.