Intel da ma'adinin gabashin Kwango

Da yawa daga cikin kwamfutocin da muke gani a rumfunan kasuwanninmu, ƙwaƙwalwarsu ta kamfanin Intel na Amurka ce. Wajen ƙera ta ana amfani da ma'adinin tantalam, wanda gabashin Kwango ke da arzikinsa.

A 2014 Intel ya yi shelar cewa ma'adinin da ke ciyar da yaƙi ba ya cikin ƙwaƙwalen da yake ƙerawa. To, amma a Afrilun 2024 'yan tawayen M23 suka kama Rubaya, babbar mahaƙar yankin. Mu mazauna iyaka mun san yadda buhu ke sauya suna in ya ƙetare shinge. Masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce ana fasa-ƙwaurin ma'adinin zuwa Ruwanda, a gauraya da na can, kuma 'yan tawayen na karɓar harajin kusan dala 800,000 duk wata.