Wayarka Za Ta Iya Gano Ciwon CR-V Ɗinka Kafin Makanike Ya Buɗe Bonet

Mai bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ya san ba wurin da ake son mota ta mutu da yamma ba ne. Don haka idan fitilar injin ta kama a CR-V ko RAV4 ɗinka, kada ka liƙa mata salatif ka wuce.

Tun 1996 motocin kasuwar Amurka suke zuwa da soket ɗin OBD2 mai ramuka 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari. Jona masa 'yar na'urar ELM327, haɗa ta da wayarka ta Bluetooth, buɗe manhajar Torque, sai lambar matsalar ta fito.

P0300 na nufin wuta na tsallake a injin, a duba fulogi da koyil. P0171 kuwa iska ce ta rinjayi mai, ko tiyo ya tsage ko ƙurar hunturu ta rufe sensar iska.

Goge lambar ba gyara ba ne, fitilar kawai ka kashe. Ɗauki hoton allon ka nuna wa makanikenka. In fitilar ƙiftawa take yi, fasa tafiyar sai an gyara.