Bayan Yaji, Ina Uwa Za Ta Kwana?

A watan Disambar 2024, a wani taro da aka yi a Jami'ar Bayero, Sarki Muhammadu Sanusi II ya ce yakan gaya wa 'ya'yansa mata su rama idan miji ya mare su. Nan take gari ya ɗauka, aka yi ta cacar baki a kan marin. Yawan ƙararrakin dukan mata a kotunan shari'ar Kano, wanda shi ya jawo maganar, kusan ba wanda ya waiwaya. Balle matar da ta fito cikin dare da goyo a baya, wani yaron a hannu, ba ta san inda za ta kwana ba.

Da an ambaci gidan fakewa sai wasu su ce aikin Turawa ne. Sun manta da yaji. A Wudil, kamar sauran ƙasar Kano, matar da ta sha duka takan nufi gidan iyayenta, in ba hali ta faɗa gidan mai unguwa ko na liman, a ba ta tabarma cikin matan gida har miji ya zo biko, manya su ja masa kunne. Fiƙihun Malikiyya ma ya tanadi haka: alƙali na iya zaunar da ma'aurata cikin mutanen kirki don a gane mai zalunci, kuma cutarwa hujja ce ta raba aure. Renon ɗa namiji na hannun uwa har ya balaga, na mace har ta tare, ci da sutura kuwa suna wuyan uba. Duk da haka abin da ake gaya mata bai wuce "ki yi haƙuri, ki koma ɗakinki saboda 'ya'yanki" ba. Takan koma ne don ta san in ta ƙi, za a ƙwace su.

Tsadar rayuwa ta karya tsohon tsarin, domin uban da ke awon masara kwano-kwano ba ya iya ɗaukar ƙarin baki huɗu. Cibiyar Waraka, mai kula da waɗanda aka ci zarafinsu, tana can Asibitin Murtala a birni, sai mai kuɗin mota. Dokar tarayya ta hana cin zarafi ta 2015 kuwa ta yi shekaru tana jiran majalisar Kano.

Abin kunya ne garin Wudil da ke da jami'a, da makarantar horar da 'yan sanda, da karar shanu da ake juya miliyoyi duk Juma'a, ya bar uwa tana raɓe-raɓe a zaurukan mutane. Ƙaramar hukuma, hakimi da Hisbah su ware ɗakuna masu tsaro ƙarƙashin kulawar dattijuwa, masu fitar da zakka su ɗauki abinci da kuɗin makarantar yara, a kuma sami mai raka ta kotu ta karɓo ciyarwar da shari'a ta ɗora wa uban.